Idrissa Ya Kafa Bi-Bi-Es

A shekarun da jirgin ƙasa ya fara isowa Greenbelt ta ƙasar Amurka, lokacin da wayar hannu sai a wurin manya, akwai wani direban taksi ɗan Maraɗi da ake kira Idrissa. Duk wanda ya taɓa tsayawa da shi a layin jiran fasinja ya san babu abin da Idrissa bai iya ba. In mota ta lalace, shi makaniki ne tun yana yaro. In aka yi zancen jirgin sama, saura ƙiris ya zama matuƙi, ra'ayi ne kawai ya sauya. Ya taɓa gyara wa wani agogo, agogon ya riƙa gudu kamar an biyo shi, Idrissa ya ce lokacin Nijar yake ƙoƙarin kamowa.

Mutum ɗaya ne ke tsaye masa a wuya, shi ne Nassirou. Nassirou direba ne a filin jirgin Dulles, kuma shi ne bakin 'yan Nijar na yankin. Haihuwa, rasuwa, ɗaurin aure, wanda ya iso daga gida da kilishi, duk ta rediyon oba-oba na motarsa ake fara ji. Har ƙungiyarsu ta fara maganar ba shi muƙamin mai yaɗa labarai.

Ana cikin haka Idrissa ya ɗauki wani tsohon Bature daga Germantown, cunkoso ya riƙe su a hanya. Baturen ya ba shi labarin wani abu da ake kira Bi-Bi-Es. Kwamfuta ce za ka ajiye a gidanka, ka haɗa ta da layin waya ta wata na'ura mai suna modem. Duk mai kwamfuta sai ya kira lambarka, ya rubuta saƙo, ya karanta na wasu, kamar dai allon sanarwa na ƙofar masallaci. Mai abin kuma ana kiransa sisof, shi ke da wuƙa da nama. Idrissa bai ji rabin bayanin ba, amma ya ji wannan na ƙarshe. Kafin su rabu ya saye tsohuwar kwamfutar Baturen, da modem, da faya-fayen manhajar, da wani littafi mai kaurin bulo.

Ranar taron ƙungiya, ana shirin ɗaga hannu don Nassirou, sai Idrissa ya miƙe.

"Alhaji, a dakata da wannan muƙami. Zamanin labarin baka ya wuce. Ni zan kafa muku Bi-Bi-Es."

Alhaji Abdou, shugaban ƙungiya, ya gyara zaman gilashinsa. "Bi-Bi-Si? Ta Landan?"

"Bi-Bi-Es, Alhaji. Waccan su ke magana kuna saurare. Tawa kowa zai yi magana."

"Ai da ma kowa na magana," in ji Nassirou. "Kai ne ba ka bari a ji."

Aka yi dariya. Alhaji Abdou mutum ne mai son zaman lafiya, ya ce a jinkirta zaɓen, Idrissa ya haɗa abinsa ya gayyace su su gani da ido.

A gida, matarsa Rakia na da tsohon ciki, haihuwar fari. Kitso take yi a falo, kuma duk masu zuwa ta waya suke neman ta. Ga shi mahaifiyarta, Inna Fatouma, za ta zo daga Yamai don zaman jego a ƙarshen wata, yayan Rakia zai bugo ya faɗi ranar da jirgi zai sauka. Don haka da ta ga maigida ya jibge akwatuna a kan teburin cin abinci yana laluben inda wayar gida ta shiga bango, sai ta ajiye matajin hannunta.

"Malam, me talho ya yi maka?"

"Aure zan ɗaura masa da odinata," in ji shi, yana shafa kwamfutar.

"In Yaya ya kira fa?"

"Wannan na'urar ta fi wasu mutane hankali. Ta san muryar ɗan Adam, ta san ta 'yar'uwarta. Ke dai ki shirya zama matar sisof."

"Ana cin sa da miya?"

Idrissa ya ja kujera. Ya kunna kwamfuta, allo ya yi baƙi, wani ɗan farin layi na ƙifta masa ido. Rakia ta turo masa littafin, ya ture shi da bayan hannu, ya ce littafi na 'yan koyo ne. Da ya gaji da kallon allo sai ya saci buɗe shi a tsakiya, ya ci karo da shafin da ke koyar da yadda ake share sabon faifai kafin a zuba masa kaya. Ya kwafi umarnin da yatsa ɗaya, ya sauya harafi guda don a ganinsa nasa ya fi kyau. Kwamfuta ta fito da dogon gargaɗi da manyan baƙaƙe, ta tambaye shi ko ya tabbata.

"Ji min rashin kunya. Ni take tambaya ko na tabbata?"

Ya danna e. Kwamfuta ta yi ta gurnani, ta gama, ya kashe ya kunna, ta ce ba ta san ko ita wace ce ba.

Rakia ce ta hau sama ta kira maƙwabcinsu Katung, ɗan kudancin Kaduna mai aiki a wani ofishin gwamnati, wanda ke da tasa kwamfutar a gida. Katung ya duba, ya dafe kai.

"Oga Idi, ka share duk abin da ke cikinta. Ko gaisuwa ba ta iya yi yanzu."

"Wanke ta na yi. Kayan hannu ne, wa ya san abin da Baturen nan ya zuba a ciki?"

Katung ya ɗauko nasa faya-fayen ya zauna yana mayar mata da hankalinta. Idrissa na tsaye a kansa, hannu a baya, duk abin da Katung ya danna sai ya ce, "Yauwa, da ma nan zan nufa." Da Katung ya ce bari ya ƙarasa haɗa modem ɗin gaba ɗaya, sai Idrissa ya raka shi har ƙofa.

"Ka yi ƙoƙari. Sauran aikin na manya ne."

Modem ɗin irin wanda ake sokawa a cikin kwamfuta ne. Idrissa ba shi da abin kwance noti, ya ɗauko wuƙar yanka albasa ya buɗe murfin, bakin wuƙar ya lanƙwashe. Ya soka modem da ƙarfin tsiya har ya ji ƙas, ya ce ya zauna ke nan. Da ya mayar da murfi sai ga notuna sun yi saura a kan tebur, ya share su cikin aljihu yana faɗin Bature ya cika ɓarna. Daga nan modem da ɓeran kwamfuta suka ƙi shiri: da ya motsa ɓera sai modem ya shaƙe. Ya cire ɓeran ya kulle a durowa, ya ce hukuncinsa ke nan.

Manhajar dai ta shiga, bayan ya zura faya-fayen ba bisa jeri ba, ta tofo su, ya sake. Ta tambaye shi sunan da zai sa wa dandalin. Ya yi gyaran murya ya rubuta Babban Zauren Wayayyun Amurka. Gurbin sunan gajere ne, ya datse sauran. Rakia ta leƙo ta kafaɗarsa ta karanta abin da ya rage.

"Babban Zauren Wa?"

"Nawa mana."

Ya buɗe sashen haihuwa, da na rasuwa, da na cigiya, da wani da ya sa wa suna Tambayi Injiniya. Sai ya ga ya kamata a gwada ko modem na iya kira. Lambar gidan Katung ce a kansa, ya rubuta ta, ya ga wani gurbi da ke tambayar sau nawa za a sake bugawa in ba a samu shiga ba, ya cika shi da tara-tara don kada a ce ya yi rowa. Ya ɗauki makullin mota ya fita aiki.

Martina, matar Katung, ma'aikaciyar jinya ce, da safe take dawowa daga asibiti ta kwanta. Ta fara barci ke nan waya ta yi ƙara. Ta ɗauka, wani abu ya tsala mata ihu a kunne kamar an taka wutsiyar kyanwa a cikin garwa. Ta ajiye, ta sake kwanciya, aka sake bugowa. Haka suka yi ta yi har rana ta take. Da ta cire wayar daga bango ta sauko neman Rakia su yi hira tunda barci ya gagara, sai ta ji irin kukan nan na fitowa daga kan teburin cin abinci, ga lambar gidanta ɓaro-ɓaro a allo.

Idrissa ya dawo cin abincin rana ya tarar da ita zaune, idanu jajir.

"Oga Idi, me na yi wa kwamfutarka?"

"Madam, gaishe ki take yi. A yarensu wannan girmamawa ce."

"To ka gaya mata na amsa. In ta sake gaishe ni, zan sauko da tafasasshen ruwa in mayar mata da gaisuwa."

Ya kashe kiran yana gunaguni a kan mutanen da ba su san ci gaba ba.

Yanzu saura amsa kira. Ya saita modem ya ɗauka tun ƙarar farko. Rakia ta lura duk wanda ya bugo kafin ta miƙe da nauyin cikinta na'urar ta riga ta, don haka da ya fita sai ta zare igiyar. Da Idrissa ya gane, bai yi faɗa ba. Ya jira ta shiga wanka, ya mayar da igiyar ta bayan kabad inda ba za ta gani ba, ya kashe ƙararrawar wayar, ya kashe lasifikar modem. Gida ya yi tsit.

"Kin gani? Na daidaita su. Mai ciki ba ta son hayaniya."

Rakia ta yi ta mamakin yadda masu kitso suka ɗauke ƙafa, da yadda Yaya ya yi shiru. Ta gwada kiran Yamai, layin can bai shiga ba, ta haƙura tunda ƙarshen wata da saura.

Idrissa kuwa ya bi layin taksi yana raba lambar gidansa. Direbobi suka riƙa bugawa daga wayar kan titi, su ji ihu, su miƙa wa na kusa ya ji. Cikin 'yan kwanaki gaisuwarsa ta sauya. Da ya faka mota sai wani ya toshe hanci ya ce "kiiiii", wani ya amsa da "shhhhh".

"Mushe Idi," in ji Nassirou, "na kira biro ɗinka, babban ofis, sakatariyarka ta yi min kuka. Ba ka ba ta abinci ne?"

"Da odinata ake shiga, ba da kunne ba."

"Wa ke da odinata a cikinmu?"

Idrissa ya dubi layin direbobin daga farko zuwa ƙarshe. Wannan tambayar ba ta taɓa zo masa a rai ba.

"Wannan ba laifina ba ne. Ni na riga ku isa gaba, sai ku taho."

Ya sa ranar Lahadi bayan azahar don bikin buɗewa. Ya sa babbar riga, ya aro kujeru, ya kunna ƙararrawa da lasifika har ƙarshe don baƙi su ji aiki. Ya nemi ƙyallen da zai lulluɓe kwamfuta don a yaye a gaban jama'a, bai ga wanda ya kai farin bargon da Rakia ta saya wa jariri kyau ba, ya ɗauko ya rufa mata. Rakia na sama a kicin ɗin Martina suna suyar fanke, tun safe tana yi tana dafa bango, in Martina ta dube ta sai ta ce zafin wuta ne.

Azahar ta wuce, babu kowa sai Katung, yana cin gyaɗar baƙi. Waya ta yi ƙara, kwamfuta ta ɗauka ta yi ihunta a ƙarƙashin bargo, aka katse. Aka sake, aka sake.

"Ka ji ko? Jama'a na rububin shiga."

"Oga Idi, anya ba mutum ba ne?"

"In mutum ne ya sayi odinata."

Mutum ne kuwa. Inna Fatouma ce tsaye a filin jirgin Dulles da buhunan kayan jego. An matso da tafiyarta, ɗanta ya yi kwanaki yana bugowa daga Yamai yana jin ƙara, har ya gaji ya sa ta a jirgi da lambar waya da adireshi ɗaure a bakin mayafi. Wata mata da suka zo tare ta buga mata lambar ta miƙa mata. Inna kunnenta ɗaya ya yi nauyi, ga hayaniyar filin jirgi. Ta saurara, ta sake saurara, sai fuskarta ta washe, hawaye suka zubo. Ta gane komai. Rakia ta sauka, shi ya sa ba wanda ya zo tarbarta. Kunyar ɗan fari ta hana iyayen magana, sai suka kara wa jaririn waya a baki ya gaida kakarsa.

A haka Nassirou ya tsince ta, ya ji tana hamdala da Hausa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ɗora kayanta a mota, kafin ya fita daga filin jirgi ya ɗauki rediyo.

"Jama'a, matar Idrissa ta sauka lafiya. Kaka na motata, da kunnenta ta ji kukan. Ta ce huhu kam Allah ya ba da."

Cunkoson babbar hanyar Beltway ya riƙe Nassirou. Waɗanda ke kusa suka riga shi.

Idrissa na tsaye a taga yana tsara baƙar maganar da zai gaya wa ƙungiya, sai ya ga taksi ta shigo. Wata ta biyo ta, wata ta biyo. Kafin a jima filin ajiye motoci ya cika, wasu sun faka a bayan wasu. Maza da manyan riguna, mata da ƙullin kaya a hannu, Alhaji Abdou a gaba.

Idrissa ya juyo ya dubi Katung. "Gobe in na yi magana ka riƙa rubutawa."

Falo ya cika. Alhaji Abdou ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Barka, Idrissa. Barka da arziki. Allah ya raya."

"Amin, Alhaji. Ai na gaya muku tana tafe, wasu suka yi dariya."

"An dai sha wahala ko?"

"Wahala kai. Amma ni kaɗai na yi komai. Katung ya ɗan taimaka da farko, da aka zo wurin mai wuya na sallame shi."

Alhaji ya dubi Katung. Katung, da bai san dawan garin ba, ya gyaɗa kai da gyaɗa a baki. Matan suka dubi juna.

"Kai kaɗai? A nan gida?"

"A kan teburin nan. Ko kayan aiki ban da su. Da wuƙar albasa na buɗe."

Wata mata ta zauna a kujera ba tare da ta duba ko akwai kujerar ba, aka tare ta.

"Idrissa," in ji Alhaji a hankali, "da ka buɗe, ka rufe?"

"Na rufe tsaf. 'Yan abubuwa ne suka yi saura, suna aljihuna."

"Ina take yanzu?"

"Ga ta can na lulluɓe ta. Tun ɗazu take kuka, yanzu ta yi shiru."

Matan suka nufi tebur a kan yatsun ƙafa. Suka ga farin bargon jariri, suka ga girman abin da ke ƙarƙashinsa, mai kusurwa huɗu. Ta gaba ta fara salati. Idrissa ya ratsa su, ya kama gefen bargo, ya ɗaga murya.

"Jama'a, ga Babban Zauren Wayayyun Amurka."

Ya fizge. Allo na ƙifta ido, da tambayarsa a sama: Babban Zauren Wa.

A daidai lokacin Rakia ta turo ƙofa da tiren fanke, cikinta ya riga tiren shigowa. Duk falon ya juya ya dubi cikin, ya juyo ya dubi kwamfuta. Rakia ta ga sabulai da kayan jarirai a hannun mata.

"Lafiya? Wa ya haihu?"

"Ke," in ji Alhaji Abdou, ya nemi wuri ya zauna.

Ana wannan sai ga Nassirou da buhu a ka, Inna Fatouma a bayansa tana rangaɗa guɗa tun daga matakala. Guɗar ta tsinke a tsakiya da ta yi ido biyu da 'yarta. Rakia ta saki tire ta rungume ta tana kuka tana tambayar yaushe, ta yaya, wa ya ɗauko ta. Idrissa ya zube ƙasa a babbar riga.

"Inna, sannu da hanya. An zo lafiya?"

Inna ba ta dube shi ba, kamar yadda ya dace da suruka. Ta shafa cikin Rakia, ta dubi bango ta yi magana.

"To wanda na ji a talho, ɗan wa ne?"

Wani daga baya ya toshe hanci ya ce "kiiiii". Dariyar da aka danne ta fashe, har da masu riƙe ciki. Idrissa ya miƙe yana karkaɗe gwiwa, ya ga in bai yi wani abu yanzu ba muƙami ya tafi.

"Ƙaramin saɓani ne. Katung, hau sama ka kira da taka odinatar, su ga yadda ake shiga."

Katung ya hau. Jim kaɗan waya ta yi ƙara, modem ya ɗauka ya tsala ihu, na Katung ya amsa, suka yi ta shaƙe juna. Inna ta karkato da kunnenta mai ji, ta matso kusa da tebur, ta leƙa bayan kwamfutar.

"Shi ne," ta ce wa Rakia. "Ki ce da maigidan, ya yi kama da shi."

Rakia ta yi dariya har ta dafa tebur, sai dariyar ta koma wani abu dabam. Martina ta dube ta sau ɗaya ta ajiye abin da ke hannunta.

"Tun yaushe?"

"Tun safe."

"Shi ne kika tsaya suyar fanke? A ba ni waya in gaya wa likita muna hanya."

Ta ɗaga kan wayar, ihu ya cika mata kunne. Aka aika a ce Katung ya katse. Katung ya leƙo daga matakala ya ce ya katse, ta Oga Idi ce ta ƙi sakin layi. Idrissa ya hau danne-danne yana faɗin a ba shi minti ɗaya, allo ya fito da tambaya ko yana so ya buɗe sabon sashe. Martina ta ajiye wayar ta dubi falon.

"Ina direba a nan?"

Hannaye suka tashi kamar ana zaɓe. Motar Nassirou ce ta ƙarshen shigowa, ita ce a bakin hanya, aka sa Rakia da Inna da Martina a ciki. Sauran suka cusa kansu a motocin da ke iya fita, Katung ma ya samu gurbi. Idrissa ya biyo su da gudu, babbar riga na harɗe shi, ya kama murfin motar Nassirou. Inna ta yi magana tana kallon gaba.

"Malam direba, a ce masa ya zauna da nasa. Ba a barin jariri shi kaɗai."

"Za mu kira ka," in ji Martina, motar ta tashi.

Ya ruga wurin tasa motar, ya tarar wata taksi ta toshe ta ta baya, mai ita kuma ya bi ayari da makullinsa a aljihu. Ya koma falo, kujeru a warwatse, fanke a ƙasa. Ya kashe kwamfuta ya kunna, layi ya saku. Ya ja kujera ya zauna gaban waya, hannunsa a kanta. Ya tuna yadda Rakia ta dafa tebur, ya ƙura wa wayar ido.

La'asar ta yi sanyi, waya ta yi ƙara. Ya zabura, kwamfuta ta riga shi. Ya ɗaga kan wayar yana faɗin "Alo, alo, ni ne," modem na ihu a kansa, aka katse. Aka sake bugowa, ta sake riga shi. Idrissa ya zura hannu bayan kabad, ya naɗe igiyar a hannu, ya fizga da duk ƙarfinsa. Igiyar ta fito, da ita da akwatin da take shiga, da ɓallin bango. Ya kara waya a kunne, ko numfashi babu.

Ya sauka ƙasa, ya shiga motarsa da ke toshe, ya kunna rediyo. Muryar Nassirou ce ta fara fitowa.

"Jama'a, a gyara sanarwar ɗazu. Wannan karon da idona na gani. Mace ce, uwa da 'ya lafiya lau."

Idrissa ya kifa goshi a sitiyari, ya yi hamdala, ya share ido da hannun riga. Rediyo ta cika da barka. Wani ya tambaya ina uban.

"Yana gida wajen Hassana," in ji Nassirou. "Wannan ta asibiti Husaina ce."

Idrissa ya ɗauki makirfon, ya yi gyaran murya.

"Ina jin ku. Tambaya ɗaya zan yi. Wa ya tara motocin da suka kai ta asibiti a kan lokaci? In ba don na'urata ba, da wa zai zo?"

Sai muryar Alhaji Abdou ta shigo daga wata motar.

"Gaskiyarka, Baban Tagwaye. Yanzu dai ka jira a zo a buɗe maka hanya."

Ranar suna aka raɗa wa yarinya Sadiyya, aka kuma ba Nassirou muƙaminsa a zama ɗaya. Liman da ya zo daga wani gari bai san labarin ba, ya ji kowa na ce wa mai gida Baban Tagwaye, sai ya dubi rago guda da aka yanka, ya jawo Idrissa gefe, ya tambaye shi cikin tausayi ko ɗayar ba ta zo da rai ba.

"Tana nan, Malam," in ji Idrissa. "Kakarsu ce ta ce a yaye ta."